Dokar Babila a Kangon Tsiga

Wanda ya kashe Kabiru ba jahili ba ne. Ya yi karatu, kuma da karatun ya yi kisan.

Rahoton da ya iso ofishin 'yan sanda na Bakori cewa ya yi ranar Talata katanga ta faɗa wa wani saurayi, Kabiru, a Tsiga. Sufeto Abdussamad ya isa ana shirin ɗaukar gawa. Kango ne a bakin gona, inda Kabiru ya saba kishingiɗa da azahar in an huta da girbin masara. Jama'a sai cewa suke ƙaddara.

Sufeto ya zaga baya ya tsuguna. An sassare gindin katangar, ga sawun bakin diga sabo fil.

"Kada kowa ya taɓa nan," ya ce wa kofur.

Ɗanasabe magini, wanda kowa ya sani da uban Kabiru, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Da wa kake rigima?" in ji Sufeto.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Dube ni ka sake faɗa."

Ɗanasabe ya ɗago kai. "Bara ɗakin da na gina wa Malam Abdulmutallib ya rufta, ya danne ɗansa Manu. Na rage siminti, ba zan ɓoye ba. Amma Malam ya yafe, a gaban liman ya faɗa."

A makarantar sakandaren da Malam ke koyarwa, Sufeto ya sami mataimakiyar shugaba, Malama Titilayo, haifaffiyar Funtua.

"Yallaɓai, tarihi yake koyarwa, kuma a da babu kamarsa. In yana ba da labarin Sargon na Akkad, wanda ya haɗe biranen ƙasar da yau ake kira Iraƙi a hannun sarki ɗaya, yara har ƙin fita tara suke. Tun rasuwar Manu ya kafe a kan Hammurabi, sarkin Babila, da dokokinsa da aka sassaƙa a baƙin dutse. Guda ɗaya yake ta maimaitawa."

"Wace?"

"In magini ya yi gini, ya rushe ya kashe ɗan mai gida, a kashe ɗan maginin."

"Kuna da diga?"

Ta gyaɗa kai. "Ta lambun makaranta. Shi ya ara, bai dawo da ita ba."

Sufeto ya san aron diga ba ya ɗaure mutum a kotu. Babu wanda ya gani da ido. In Malam bai faɗa da bakinsa ba, jinin Kabiru ya tafi a banza.

Ya nufi gidan makoki. Daga zaure ya jiyo wata tsohuwa tana kuka, "Allah sarki maraya!" Ya sa aka kira ta. Gwaggo Adawiyya ce, yayar Ɗanasabe. Abin da ta gaya masa ya sa ya miƙe nan take.

Malam Abdulmutallib ya zo ofis da farar riga, yana jan carbi.

"Ina kake ranar Talata da azahar?" Sufeto ya tambaye shi.

"Kasuwar Funtua."

"Digar fa?"

"Dashen mangwaro na yi."

"Bayan damina ta ɗauke?"

Malam ya yi murmushi. "Sufeto, ni na yafe. Duniya ta shaida."

"To madalla. Ni dai tausayin yaron nake, uwa babu, uba babu."

Carbin ya tsaya.

"Kai baƙo ne a Tsiga, aiki ya kawo ka," in ji Sufeto. "Kabiru ɗan wan Ɗanasabe ne. Tun yaye ya ɗauke shi riƙo, kuma a nan ba mai buɗe baki ya ce wa ɗan riƙo ba ubansa ba ne. Ɗanasabe 'ya'ya mata kaɗai ya haifa."

"Ƙarya ne!" Malam ya zabura. "Baba yake kiransa! Na bincika kafin in..."

"Kafin ka me?"

Malam ya koma ya zauna.

"Ɗa a bakin ɗa," ya ce a hankali. "Gini ya kashe nawa, gini ya kashe nasa. Adalci na so."

"Maraya ka danne yana barci. Ko da ɗansa ne, wa ya naɗa ka alƙali? Kofur, sa masa ankwa."

An tono digar a bayan gidansa. Ɗanasabe ya sha ɗauri kan ginin da ya yi wa ha'inci. Malam Abdulmutallib kuwa, babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.