Kwamfutar Da Ta Riƙe Tsohon Awo

Saura kaɗan in fasa rubuta labarin nan, don har yau ba na son a ambaci ambaliyar bara.

Adila ta fara ganin Abdulmannan ne ranar da ta kai gyaran waya shagonsa a Haɗeja. Tsofaffin kwamfutoci ya jera, ya haɗa su da wayoyi, suna lissafa masa tashin kogi.

"Duk waɗannan naka ne?"

"Ƙwaƙwalwa ɗaya na yi musu. Abin da wannan ta rubuta, waccan ma ta gani. Ke kuwa tun shigowarki kin rikita tawa."

Ta rufe fuska da mayafi.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Baƙo, manomin shinkafa a fadamar Guri, bai so ba. Hamman mai kifi ya fi kwanta masa. "Yaron da ke hira da ƙarafa? To, ya faɗa mini yaushe ruwa zai zo, mu gani."

Saƙon Abdulmannan ya shigo wayar Adila: "Sanyin idona, ki ce wa Baba ya bar shinkafarsa ta nuna. Ruwa sai bayan girbi."

Baba ya bari. Amma kogi kullum ƙara duhu yake, yana tafe da karmami da matattun awaki.

Ran Laraba Abdulmannan ya kira ta.

"Wayar da ta haɗa kwamfuta ɗaya da sauran ta saki. Ba ta ji sabon awo ba, da tsohon ta yi ta lissafi. Adila, ruwan yana hanya."

"In Baba ya ji, Hamman zai aura mini."

"Na sani."

Ta jiyo kukan kwaɗi da rana tsaka. "Taho ka faɗa masa. Kada ka tsaya ko'ina."

A gona ya durƙusa ya faɗa. Malam Baƙo lauje kawai ya miƙa masa. Rabin shinkafar suka yanka ɗanya, rabi ruwa ya ci.

Da yamma tsohon ya dubi hannuwan yaron duk jini.

"Turo magabatanka, ja'iri. Allah ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure a kan tudu, kogi na bugun jinga.

Washegari, lalle bai ko dushe ba, Adila ta dama kunu tukunya guda, ta aika wa mazan da ke cika buhunan yashi.