Kurkunun Alfari Gardi

Dab da magariba Alfari ya ɗingisa zuwa bakin kogin Kwara, sanda a hannu, zai wanke ƙafarsa inda ba mai ganinsa. Gobe da safe lokotoro, likitan Gaya, zai yanke ta daga gwiwa. Haka ya gaya masa, yana toshe hanci.

Wanda bai san Alfari ba sai ya tausaya masa. Mu da muka san shi kuwa, sai a hankali. Shekara goma sha takwas ya yi yana gardin kumandan, wato dogarin Bature mai mulkin Gaya, jar dara a ka, bulala a hannu. Shi ya riƙa kora mutanen Tanda da Yelu zuwa aikin tilas na hanyar Dosso. In talaka ya ba shi hannu, a gaban mutumin zai wanke da sabulu. Har bayan an sallame shi, wanda duk ya kira sunansa bai haɗa da "Gardi" ba, ya shiga uku.

Sai kurkunu ya fito masa a idon sawu. Kowa a ƙasar nan ya san ƙa'ida: a naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke, kullum a ƙara kaɗan, ko da wata guda za a kwashe. Ba a ja. Matarsa Mariyama ta kawo tsinken, ya ce shi ba baƙauye ba ne da zai zauna yana lallashin tsutsa. Gogan naka ya kama ya fizga. Ta tsinke, sauran ta koma ciki. Ƙafa ta kumbura kamar tulu, ta ruɓe, har Mariyama ta koma ajiye masa tuwo a bakin ƙofa.

Ba kowa a mashaya. Masunta sun tashi, sun bar hanjin kifi yana ƙarni a laka. Ya zauna ya warware tsumman. Ruwan ɗiwa ya biyo, kore-kore, mai yauƙi. Ƙudaje suka yi masa caa. Ya tofar da yawu mai ɗaci. Duk ƙyamar da ya taɓa yi wa mutane, yau kansa yake yi wa ita.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

Wata tsohuwa na zaune a kan kifaffen jirgi, dab da shi. Bai ji zuwanta ba. Gashinta na ɗigar da ruwa. Idanunta farare ne, ba sa ƙiftawa.

"Miƙo ƙafar, ɗan nan," ta ce a hankali.

"Inna, tsutsar ta riga ta mutu a ciki."

"Wa ya ce maka? Shekara goma sha takwas kana kiwonta."

Hannunta sanyi ƙalau. Ta cusa farce cikin gyambon, ta lalubo, ta zaro wani farin kai yana motsi. Ta naɗe shi a kara. Ta fara juyawa.

Kamu ɗaya, kamu biyar, kamu goma. Kurkunu ba ya kai haka. In karan ya cika sai ta zame naɗin a laka, ta ci gaba. Alfari yana jin abin yana janyowa daga cinya, daga ciki, daga ƙirji, har daga bayan idanunsa. Wari ya cika wurin, kuma ya gane shi: warin zufar kakinsa ne da jinin da ke bushewa a bulala.

Tarin tsutsar ya fara tashi.

Ya yi ƙafafu. Ya yi kafaɗu masu faɗi. Ya yi fuska, da gashin baki irin na Alfari, da wannan yatsinar da duk Gaya ta sani. Ko'ina a jikinsa yana wutsil-wutsil. Zare ɗaya tak ya haɗa shi da idon sawun.

Tsohuwa ta danƙa masa karan.

"Saura taƙi ɗaya. Wannan kai za ka naɗe. In ka ja, ya koma duka."

Ya waiwaya. Jirgin ne kawai.

Abin ya sunkuyo, ya yi raɗa da muryarsa.

"Mayar da ni. In babu ni, kai wane ne? Wa zai durƙusa maka?"

Alfari ya damƙe karan. Fizga ɗaya, ya tsinke, ya gudu. Abin da jikinsa ke faɗa masa ke nan. Ya cije. Ya juya karan kaɗan.

Abin ya matso taku ɗaya.

Ya jira. Ya ƙara juyawa.

Yatsu masu danshi suka taɓa wuyansa. Wata tsutsa ta faɗo masa a leɓe.

Ya dubi fuskar sosai. Wannan ƙazantar ce mutane suka yi ta gani, shi kuwa yana ce mata "ni".

"Astagfirullahi," ya ce, ya juya karan.

Wutsiyar ta zame, sulɓ.

Ya jefar da karan, ya rarrafa ya hau gangare da gwiwa da hannu. A bayansa ana kiran sunansa. Bai waiwaya ba har ya faɗi a ƙofar masallacin masunta, ana tsakiyar kiran salla. Ya kwanta nan yana kuka, jikinsa sakayau, babu inda ke ciwo.

Da safe lokotoro ya matsa ƙafar, ya sake matsawa, ya mayar da zartonsa cikin akwati.

Ɗingishi bai rabu da Alfari ba har ya mutu. Amma ya koma zama a gindin wata ɗorawa kusa da kasuwa, mai kurkunu ya zo ya ɗora masa ƙafa a cinya, ya yi ta naɗewa da haƙuri. Waɗansu daga cikinsu har yanzu da shatin bulalarsa a bayansu. Waɗansu sun yafe, waɗansu ba su yafe ba, kuma bai ga laifinsu ba.

Wata rana Cha'ibu, babban masuncin mashayar, ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Baba, kullum da magariba wani dogo yana tsayawa a bakin ruwa. Yana cewa shi ne Alfari Gardi, wai a nemo ka a kai masa."

Tsohon bai ɗago daga ƙafar da ke hannunsa ba.

"Gaskiyarsa, shi ne. Ku ce masa ya riƙe sunan. Ni na huta."