Jirgin da Aka Miƙa wa Malam Rabe

Ranar Talata, tara ga watan Agusta na shekarar 2022, da ƙarfe shida saura kwata na yamma, Alhaji Almustapha ya ci amanar Malam Rabe a zauren gidansa da ke Safana. An rubuta ranar da lokacin ne don kada gobe wani ya ce ya manta.

Benci ɗaya suka zauna a firamare. Malam Rabe ya koyar shekara talatin da biyar, ya ajiye alli yana hedimasta, ya koma gonarsa a Darini. Almustapha kuwa birni ya tafi, ya yi aiki a hasumiyar wani filin jirgin sama, cikin masu magana da matuƙa ta rediyo suna ce musu hau, sauka, karkata. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ba shi da hira sai ta aikin. Malam Rabe ya sha ji har ya haddace. Duk umarnin da aka ba matuƙi sai ya maimaita shi kalma da kalma. Matuƙi ba ya sauka sai da izini. In jirgi zai tsallako iyaka daga wata ƙasa, jami'in can yakan kira na nan ya ce ga jirgi na miƙa maka, na nan ya ce na karɓa, a rubuta lokaci. Daga wannan minti jirgin da rayukan cikinsa suna wuyan wanda ya karɓa, har sai shi ma ya miƙa wa wani.

Ran nan maganin feshi ne ya kai Malam Rabe Safana. Ya biya su gaisa da abokinsa, yana sauri, don hanyar ba ta biyuwa bayan faɗuwar rana. Ya tarar da Alhaji a zaure ya rame, idanunsa sun faɗa, gabansa ga wani akwatin rediyo mai launin toka da abin magana a jikin igiya.

"Hedimasta, kamar ka san ina nemanka. Ya iyali, ya damina?"

"Damina ta yi kyau, kai ne dai ba ka yi kyau ba. Ko Hajiya Mero ta daina ba ka tuwo?"

Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ya ce gobe zai tafi asibiti a Kaduna, kuma ba ya son jikoki su lalata masa wannan tsohon rediyo, kayan tarihi ne. Ya roƙi Malam Rabe ya ajiye masa.

"Wannan ai ba abin roƙo ba ne. Kawo."

"Tsaya mu yi shi yadda muke yi a wurin aiki." Ya duba agogo, ya ciro takarda da biro. "Ka tuna?"

"Tsufa dai ya kama ka, Alhaji."

"Yi mini dai, don zumunci."

Ya kai abin maganar bakin Malam Rabe, ya danne madannin da babban yatsa. Ya ce da Turanci, sannan da Hausa, "Na miƙa wa Rabe, shida saura kwata."

Malam Rabe yana dariya ya ce, "To, na karɓa."

Alhaji ya rubuta. Ya jingina da bango, ya saki numfashi mai tsawo kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Bai rako shi ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara sittin.

Malam Rabe ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kama hanya. Hadari ya haɗo daga gabas. Ya wuce Runka ana tattara kayan tebur, daga nan bai sake haɗuwa da kowa ba. Gero ya yi tsawo a dama da hagu, ya fi mutum. Kwaɗi sun fara. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya.

Sai ya ji wani wari ya danne ƙamshin. Kananzir. Ya duba tankinsa. Babur ɗinsa fetur yake sha.

Akwatin ya yi tsaki a bayansa, irin shuuu ɗin rediyo in ana neman tasha.

Ya tsaya. Ya kwance igiyar, ya juya akwatin, ya buɗe wurin batir. Ba komai ciki sai tsatsa da gawar gizo-gizo.

Shuuu ɗin bai daina ba.

Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya.

Murya ta fito. Ta namiji ce, a gajiye, tana Turanci da karin masu Faransanci. Malam Rabe ya koyar da Turanci rabin rayuwarsa, ya gane kowace kalma. Mai maganar ya ce ya tsallako iyaka, jami'in ƙasarsu ya sallame shi, ya ce a nan za a karɓe shi. Ya ce hadari ya rufe shi. Ya ce yana kira tun ɗazu.

Sai muryar ta juya Hausa, a hankali, kamar mai raɗa.

"Rabe. Kai ka karɓa?"

Malam Rabe ya dubi akwatin. Ya ce, "Wane ne?"

"Wane ne," in ji muryar. "Na ji. Na maimaita."

Ya ja A'uzu billahi. Wannan kam ba ta maimaita ba. Ta jira ya gama, kamar yadda ake jiran wani ya sauka daga layi.

Daga arewa ya ji ƙarar inji. Ba ta babur ba ce, ba ta mota ba. Tana tahowa ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga kai. Gajimare ne kawai da jan sararin magariba.

Geron hagu ya kwanta. Ba iska ba ce, don na dama bai motsa ba. Wani faffaɗan abu ne ya bi ta kansa, hularsa ta tashi, zafi ya dake shi a ƙeya. Kunnensa na hagu ya yi ƙara ya toshe.

"Ina ganin fitilu a gabana," in ji muryar. "Layi biyu."

Malam Rabe ya dubi gaba. Daga tudun da yake tsaye ana hango Darini. Masu shaguna sun kunna fitilun sola a gefen hanya, layi a dama, layi a hagu. A ƙarshen layin gidansa yake. Hafsatu matarsa tana tsakar gida yanzu, tana alwala.

"Na daidaita da su. In sauka?"

Ƙarar ta juya. Ta nufi gari.

Ya so ya gudu. Amma ya koma ga akwatin.

"Rabe. In sauka?"

A nan hirar shekaru ta faɗo masa. Ba ya sauka sai da izini. Ya damƙi abin maganar, ya danna da yatsu biyu don ɗaya ya kasa.

"Kada ka sauka. Ka hau sama. Ka yi ta zagaye."



Ƙarar tana kan rufin farko na garin.

"Kada in sauka," in ji muryar. "In hau sama. In yi ta zagaye."

Injin ya yi gurnani, ya ɗaga. Ya yi nisa kaɗan-kaɗan har ya zama kamar kukan ƙudan zuma. Kwaɗo ɗaya ya gwada murya, saura suka bi.

Malam Rabe ya bar akwatin nan a bakin hanya. Ya isa gida ba hula, rigarsa na warin kananzir irin na man jirgi. Hafsatu ta tare shi da buta a hannu.

"Malam, lafiya? Ka ji abin da ya wuce ta kan gari? Kwanon rufi har rawa ya yi, awaki suka tsinke igiya. Kowa ya fito, ba a ga komai ba."

Ya shige ɗaki.

Da safe ya kira Alhaji Almustapha. Sai a kira na bakwai ya ɗauka, muryarsa sarai kamar ta ango.

"Hedimasta, ka isa lafiya?"

"Me ka ba ni?"

Alhaji ya faɗa, kuma ga abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Shekara goma sha tara da suka wuce, da damina, jami'in wata ƙasa ta arewa da mu ya kira shi ya miƙa masa ƙaramin jirgin kaya mai matuƙi ɗaya. Ya ce ya karɓa. Sai aka yi masa baƙo a ƙasa, ya sauka, bai gaya wa abokin aikinsa ba, bai rubuta a ko'ina ba. Minti ashirin. Jirgin bai iso ba, ba a kuma ga ɓaraguzansa ba har yau. Da aka zo bincike ya ce ba a taɓa miƙa masa ba. Laifin ya faɗa kan jami'in can, aka kore shi daga aiki. Tun daga ranar muryar ke kiransa kowace magariba.

"Shi ne ka rasa wanda za ka jefa sai ni?"

"Haba Rabe, wa zan ba? Mai shayi? Kai ke da Turanci, kai ka san ƙa'idar. Ga shi ka iya tun ranar farko."

"Wato duk hirar nan da kake mini, karatu kake koya mini?"

"Shekara goma sha tara ban yi barci ba. Jiya na yi. Kai ma in ka gaji ka miƙa wa wani, ba wuya. Ka sa shi dai ya ce ya karɓa."

"Benci ɗaya, Almustapha."

Malam Rabe ya kashe wayar.

Malam Rabe ya ɗauka barin akwatin a hanya ya raba shi da abin. Da magariba ta yi yana zaure, ƙaramin rediyonsa na jin labarai, wanda yake a kashe, ya yi shuuu.

"Rabe. Ina zagaye. In sauka?"

Malam Rabe ya ba ta amsar jiya ta bakin rediyon, kuma haka yake yi kowace magariba tun daga ranar. Ya kai maganar wurin Liman Jamaluddeen. Liman ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, matuƙin nan yana inda Allah ya kai shi. Amma kiran da aka yi ta yi a sararin sama ba a amsa ba, akwai halittun da suka tsince shi, kuma su ba sa manta alkawari yadda ɗan Adam ke mantawa. Ya ba shi addu'o'i, yana yi, suna kuma sanyaya masa zuciya. Muryar takan jira ya shafa, sannan ta yi tambayarta.

Yau an shiga shekara ta uku. Kunnen hagu bai buɗe ba. Malam Rabe bai ƙara kwana a wani gari ba. Bai kai 'yarsa Ni'ima ɗakin mijinta ba, bai je jana'izar yayansa a Katsina ba, don magariba za ta riske shi a mota. Sau ɗaya zazzaɓi ya sa ya makara da minti huɗu, rufin makarantar allo ya yaye, ba iska ba ruwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in a sahun farko yanzu sai an kai raka'a ta biyu yake shigowa, mutane na kallonsa. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce ya taɓu. Sau biyu wani ya miƙo hannu ya ce Malam kawo in riƙe maka rediyon, sau biyu ya ɓoye shi a bayansa. Ba zai yi wa kowa abin da aka yi masa ba.

Alhaji Almustapha kuwa ya yi ƙiba. Yana zaune a Safana, in an ambaci Darini sai ya ce Allah sarki, Rabe, ciwon nan nasa sai addu'a.

Daren Litinin da ta wuce muryar ta ƙara kalmomin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta maimaita umarnin, sannan ta ce, "Rabe, man ya yi ƙasa."

Saboda haka aka fito da maganar fili. Ba a neman ko sisin Alhaji Almustapha, ba a neman ya aiko da ɗan saƙo, ba a neman ya zo zaure da dare a yi ƙus-ƙus. Abin da ake nema shi ne ya zo masallacin Juma'a na Darini, bayan an sallame, ya miƙe tsaye a gaban jama'a. Ya faɗi ranar da ya karɓi jirgin da minti ashirin ɗin da ya bar kujerarsa. Ya ambaci sunan matuƙin, don ya san shi. Ya wanke jami'in da aka kora a kan ƙaryarsa. Ya dubi Malam Rabe ya ce na cuce ka, ka yafe mini, da muryar da sahun baya zai ji. Sannan ya zauna a garin har magariba, ya ɗauki rediyon da hannunsa, ya duba agogo yadda ya iya, ya ce ya karɓa.