'Yar Wutar Ƙarƙashin Tanki

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, gari ya waye musu a can ƙasar waje da ƙanƙara a gilasan motoci, sama fara fat. Hajiya Bebi ta murɗa famfo don alwala, ruwa ya zubo kamar daga firji.

Tankin ruwan zafi yana gareji. Mijinta Dabo ne kaɗai ya san halinsa, shi kuwa ya rasu tun kaka. Har yanzu wasiƙar da za ta cire sunansa daga rajistar kamfanin gas tana cikin jakarta, ta kasa aikawa.

'Yarta Salwa ce ta ce za ta gyara, ta duba a waya. Da yamma ta kunna 'yar wutar da ke ƙarƙashin tankin, ruwa ya yi zafi. Ta ga an ce a riƙa zubar da dattin ciki, sai ta jona tiyo, ta saki tafasasshen ruwa a ƙasa, a bayan garejin. Magariba ce. Ba ta yi bisimilla ba.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai wutar ta mutu. Mai gyara ya zo, ya canja abin da zai canja, ya ce lafiya lau. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan ƙofar gareji. Salwa ta daina cin abinci. Wata magariba Bebi ta same ta durƙushe a gaban tankin, tana hure wutar da bakinta, tana rera waƙar reno da Hausar da ba ta taɓa iyawa ba.

Ta kira Malam Hamidou mai ruƙiyya, ya taso daga aikinsa a titin Wendover, rigar aiki a ƙarƙashin jallabiya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya," in ji wata tsohuwar murya daga bakin Salwa. "Garin nan sanyi gare shi, Malam. Nan muke jin ɗumi. Ta ƙona mini ɗa. Ya mutu."

"Ba da sani ta yi ba. Ki fita."

"An ɗauki nawa, zan ɗauki nata." Idanun suka juya kan Bebi. "Ina mai sallamar? Shi kafin ya saki ruwa sai ya ce, 'Bisimilla, mutanen gida, a kauce.' Mu kwashe yara. Don me ya bar wa yarinya?"

Bebi ta buɗe baki. Wata da watanni tana cewa "Alhaji ba ya nan."

"Ya rasu," ta ce.



"Ba wanda ya gaya mana," in ji muryar.

"Ban san kuna nan ba. Baiwar Allah, ita kaɗai ta rage mini."

Hawaye suka gangaro a fuskar Salwa, Bebi ba ta san na wace ce ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji muryar a hankali. "Ke ki kunna da hannunki. Ki bar mu mu ji ɗumi zuwa asuba, in kwashi sauran mu tafi. Ba na iya zama inda ya mutu."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Bebi.

Salwa ta sulale a jikin uwarta, ta ce, "Mama, sanyi nake ji."

Bebi ta durƙusa inda gwiwoyin Dabo suka saba. Ta shinshina, babu warin gas. Ta murɗa maɓallin, ta danne shi, ta ƙyasta. Ta cikin 'yar tagar da ke jikin tankin, wuta shuɗiya ta tashi. Ta riƙe har yatsanta ya yi tsami, sannan ta saki. Wutar ta tsaya.

Da safe ta yi alwala da ruwan ɗumi. Ta tsaya a bakin gareji ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta fita cikin sanyi, ta ciro wasiƙar daga jaka, ta jefa a akwatin gidan waya.