Taragon da Aka Cire wa Ƙafafu

A can wani zamani, a wani gari da jirgin ƙasa ke ratsawa, an yi wani maƙeri mai ƙera wa yara jiragen wasa da gwangwani.

Rannan wani tsohon leburan reluwe da ya makance ya zo masa, ya ce, "Ka san taragon nan na bakin dogo, wanda aka cire wa ƙafafu muke ajiye diga da shebur a ciki? Ran Juma'a za a yanka shi. Ƙera mini ƙaraminsa."

Maƙeri ya ce a ransa, wa zai so wannan kwaraɓaɓɓen abu? Ya ƙera tarago sumul, har da ƙafafu.

Tsoho ya shafa, ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan tafiya zai yi."

Maƙeri ya cire ƙafafun. Tsoho ya shafa, ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan ruwa bai taɓa dukansa ba."

Ran Alhamis maƙeri ya rufe maƙera, ya je bakin dogo ya wuni yana dubawa. Ya ga ƙofa ta karkace, ya ga dutsen da aka tokare ta da shi, ya ga faci a rufin. Ya koma ya ƙera shi haka, har dutsen.

Tsoho ya shafa, ya shafa, yatsansa ya tsaya a kan rufin. 

Can ya ce, "Wannan facin ni na yi shi. Ashe yana nan?"

Maƙeri ya ce, "Yana nan, Baba."