Katin Tambaya Uku

Auta na durƙushe a falo tana goge gilashin tebur sai ga Gwaggo, ƙanwar Abba, ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Gwaggo dai labari ba ya kwana a bakinta, da zafinsa take raba shi. Ta zauna ta ce wa Abba ya buɗe ido, yaron nan da yake shirin bai wa Auta an gan shi yana shiga coci, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da ƙaton littafi a hammata.

Abba mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyi, amma in ya cire tabarau ya ajiye, to magana ta ƙare. Ya cire ya ajiye. Ya ce kada ya sake ganin ƙafar Farfesa a gidansa, batun aure kuma a binne shi.

Farfesa ba farfesa ba ne, Auta ce ta laƙaba masa don tsiya. Ɗalibi ne mai digiri na biyu a sashen tarihi, bincikensa kan mafarin addinin Kirista: wasiƙun Bulus da aka rubuta da Girkanci, da yadda mabiyan farko ke taruwa a gidajen juna tun ba a fara gina coci ba. Auta ce ke buga masa aikin a kwamfuta. Ta san al'adarsa, ba ya karɓar kowane labari sai ya cika masa ɗan kati mai tambaya uku: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma na farkon gani ya yi ko ji.

Kwana uku Auta tana kuka, abinci ya gagara. A waya ta ce wa Farfesa za ta tsaya gaban Abba ta faɗa masa gaskiya komai ɗacinta.

"Don Allah kar ki ɗaga wa Abba murya saboda ni," in ji shi. "Mutanen da nake bincike a kansu ma haka aka yi musu. Sun rufe ƙofa suna ibada, maƙwabta suka ƙirƙira musu abin da ba su gani ba. Tsoro ne, Auta. Tsoron rasa ki yake yi."

Ran na huɗu ta sami Abba a shago yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Ta durƙusa, ta ajiye kati a gefen agogon da ya buɗe. Ta ce ba musu ta zo yi ba, duk hukuncin da ya yanke ta bi, roƙonta ɗaya ya cika katin nan tukuna.

Ya daɗe yana kallon katin, har ta fid da rai. Can ya ɗauki biro ya rubuta Gwaggo a layin farko. Ya kira ta a waya, ta ce maƙwabciyarta ce ta gaya mata. Maƙwabciyar ta ce mijinta ne, direban bas. Direban ya ce shi dai ya ga yaron ya shiga ƙofar harabar cocin, abin da ke bayan ƙofar kuwa Allah masani.

Abba ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta biyo shi. Suka nufi cocin. Auta kuwa ita ma ba ta taɓa zuwa wurin ba. In fa Gwaggo ce mai gaskiya?

Bayan cocin akwai wani ɗan laburare mai ƙurar tsofaffin littattafai. Wani dattijo mai kula da shi ya tare su, da jin wanda suke nema sai ya ɗora yatsa a leɓe.

"Ku ɗan jira, yana salla. Kullum azahar a nan take samunsa, shi ya sa na saya masa darduma."

Can tsakanin kantoci biyu Farfesa na sujada, littafinsa a buɗe kan tebur, katuna barbaje. Auta ta jingina da bango, hawaye na zuba. Abba ya zaro katin daga aljihu, ya cika layi na uku ya miƙa mata. Abin da ya rubuta: "Na gani da idona."

Da Farfesa ya sallame ya taso a tsorace zai gaishe shi, Abba ya riƙo hannunsa.

"Ɗana, ka yafe mini. Shekara talatin ban taɓa cewa agogo ya mutu ba sai na buɗe cikinsa, amma kai na yanke maka hukunci daga waje."

Gwaggo ta yi mako biyu tana ƙaurace wa gidan don kunya, ranar auren kuwa ta fi kowa kai da kawo. Katin yana nan manne a bangon shagon Abba. Haƙurin Auta da ladabinta suka sama mata abin da tsiwa ba za ta ba ta ba, kuma duk wanda zai raba masoya da "an ce", ya tuna gani ya kori ji.