Rumfar Barkono

A wani zamani an yi wani mai lambu da ya reni irin barkono a ƙarƙashin rumfar ciyawa. Irin da ya rage musu ke nan, shi da mahaifiyarsa. Mahaifiyarsa ta ce, "Kullum ka zare ciyawa kaɗan, har ganyen ya saba da rana."

Ya ce, "Inna, ai haske ne abincin ganye. Bari ya ci ya ƙoshi."

Da tsakar rana ya yaye rumfar ɗungurungum. Kafin kwana biyu ganyen ya koɗe, ya yi fari fat. Ya zuba ruwa, bai farfaɗo ba. Ya ƙara zubawa, bai farfaɗo ba. Sai ya mayar da rumfar.

Inna ta murza ganye ɗaya, ya marmashe. Ta ce, "Wa kake yi wa inuwa yanzu?"